Ƙararrawar Tallow Creek

Safiyar Juma'a aka iske hasumiyar Kwalejin Tallow Creek wayam, babu ƙararrawar da ake bugawa duk ranar da 'yan ƙwallo suka ci wasa. 'Yar sanda Sajan Odessa Pruitt ta dubi ƙugiyar da ake rataye ta, ta ja tsaki. Wasa tara aka yi bana, duk taran an lallasa su. Ba don an sace ta ba, wa ma zai tuna da ita?

Shugaban kwaleji har ya yanke hukunci. Tsoho Virgil Tubbs, mai kula da fili, yana riƙe da makullin hasumiyar, don haka yau zai bar aikinsa na shekara talatin.

"Ina kake jiya da rana, Mista Virgil?"

"Gidan 'yata, Sajan, muna cin talotalon bikin godiya na shekara-shekara. Ni da buhun taki ma ke gagarata, ina zan iya ɗaga ƙararrawa?"

Ta buga wa 'yarsa waya, ta tabbatar. A gindin hasumiya ta tsinci guntun farin filasta, irin wanda 'yan wasa ke naɗe idon sawu da shi.

Koci Dwight Rusk, mai ƙaton ciki da muryar da ba ta taɓa cin wasa ba, tana isa wajensa ta same shi yana raba wa 'yan wasa riguna masu rubutun "A dawo mana da ita".

"Yaran Kwalejin Brickett ne," in ji shi. "Gobe za mu kara da su. Kin san halinsu."

Ta sani kuwa. Sau biyu suka taɓa sace ƙararrawar, kuma duk biyun a bayan mota suka zaga gari suna buga ta. Jiya kuwa maƙwabta suna gida, babu wanda ya ji ko ƙas. Ta fita ta kira mai buga riguna, ta dawo.

"Koci, ɗan Brickett buga ta zai yi har gari ya kurumce. Ɗan gida kaɗai ke tsoron ta yi ƙara ba a ci wasa ba, wai tana kawo rashin sa'a. Shi ya sa aka naɗe ƙarfen cikinta da filasta. Makulli biyu ne, ɗaya na wajenka. Rigunan nan kuma ran Talata ka sa aka buga, kwana biyu kafin satar. Duba kake yi?"

Ya ajiye rigunan. "Zuga yaran nake so in yi, Sajan. Kujerata rawa take."

"Ta Virgil fa?"

Odessa ta ji ƙyamar kocin har cikin ranta. A bayan motarsa aka samo ƙararrawar, lulluɓe da tamfol.

Shugaban kwaleji ya mayar wa Virgil makullinsa, babu ko sannu. Tsohon ya karɓa, ya tambaya ko zai iya tafiya, don bai gama ja wa filin wasan gobe layi ba.