Bel Ɗin Jar Mota

Da yamma lis maigidana ya ce in sa mayafina in raka shi, yau zai tsayar da magana a kan motar da zai saya. Ya daɗe yana rarraba ido tsakanin motoci biyu, irin masu gudun tsiya ɗin nan, masu kujera biyu kacal, waɗanda cikinsu ya kusa shafar ƙasa. Ni ban san komai a kan mota ba. Na dai san a lokacin ko abinci ba ya ci sai da hotunansu a gabansa.

Wurin sayar da motocin yana bakin gari, inda gidaje suka ƙare. Ga su nan gefe da gefe a ƙarƙashin rumfa, ɗaya ruwan toka, ɗaya ja kamar an yanka rago. Dillalin, wani gajeren mutum mai yawan dariya, ya tarbe mu yana tsokanata wai tunda an kawo alƙali yau shari'a ta ƙare. Na sunkuyar da kai. Ni ko a gida maganata ba ta wuce ta cikin cokali, balle a gaban baƙon namiji.

Suka zagaya motocin suna ta bayani. Mai ruwan tokar ta fi riƙe hanya a kwana, jar ta fi ta tashi, kafin ka ƙifta ido ta ɓace. Aka fara gwada mai ruwan tokar. Dillalin ya shige kujerar gefe da kansa, don ya ce ƙa'idarsa ce ba ya barin mai saye ya fita shi kaɗai. Suka tafi suka bar ni tsaye.

A nan na lura da abu biyu. Kowace mota a wurin akwai sawun hannu a jikin ƙofarta, ban da ƙofar gefe ta jar. Sannan da na leƙa ta gilashi, na ga bel ɗin kujerar a ɗaure yake, ya ratsa kujerar da babu kowa.

Da suka dawo aka zo kan jar, sai ƙa'idar ta tashi. Dillalin ya cilla wa maigidana makulli daga nesa, ya ce bayansa ke ciwo, Yallaɓai ya ɗan zaga shi kaɗai. Maigidana ya ce ai ga abokiyar tafiya, ya buɗe ƙofar, ya danna ya kwance bel ɗin.

Dariyar dillalin ta ɗauke. Ya dubi maigidana, ya dubi motar.

Na so in ce ba zan shiga ba. Kunya ta hana ni.

Kujerar da ɗumi, kamar yanzu wani ya tashi a kai. Ciki kuma ba ƙanshin sabuwar fata irin na ɗayar, sai warin jiƙaƙƙen gashi da tsohon turare. Na ja bel na ɗaura. Injin ya yi gurnani har cikin haƙorana.

Muka hau doguwar kwaltar da ta miƙe zuwa gada. Rana ta faɗi, sauran ja kaɗan a sama. Babu mota ko ɗaya.

Da farko bel ɗin ne ya ɗan matse. Na sa yatsa in sassauta, ya ƙara shiga.

Sai nauyi ya sauka a cinyata. A hankali, kamar mace ta gyara zani ta zauna. Na ji bayanta ya jingina da ƙirjina, na ji gashi mai sanyi yana shafar leɓena. Idona biyu, kuma babu komai a gabana sai gilashi da hanya.

Maigidana ya yi dariya, idonsa a kan titi.

“In ƙara? Ashe ke ma kina son gudu.”

Ban ce komai ba. Wallahi ban ce ba.

Ya taka totur. Bishiyoyi suka zama zane ɗaya. Ya ci gaba da hira yana amsa tambayoyin da ban yi ba, yana cewa to, yana cewa ai wannan za mu ɗauka tunda ita kike so. Rabon da in ji farin ciki irin wannan a muryarsa har na manta.

Sai ni ma na ji ta. Muryata ce, irin ƙasa-ƙasan da nake masa magana, tana fitowa daga gaban fuskata.

“Ƙara, Yaya. Kar ka tsaya.”

Gadar ta bayyana. Kafin ita akwai kwana.

Na nemi addu'a, numfashi ya ƙi fita. Hannuna na dama ya mutu. Ɗayan ne kawai ke motsi.

Na kai shi kan damtsensa na nutsa farce har na ji danshi. Ban san daga ina ihun ya fito ba.

“Ba ni ba ce! Taka birki!”

Ya juyo ya ga fuskata. Taya ta yi ƙara, motar ta wulwula, warin ƙonanniyar roba ya cika ciki. Muka tsaya hancin motar na shafar ƙarfen gadar, ƙasa can ruwa na wucewa.

Bel ɗin ya ƙi kwancewa. Maigidana ya zagayo da gudu yana danna shi yana kiran sunan Allah, har ya saki. Ya jawo ni na zube a kan kwalta ina tari.

Muna kallo bel ɗin ya zaro kansa a hankali, ya ratsa kujerar. Ƙas.

A ƙafa muka koma. Dillalin bai tambaye mu ina mota ba. Ya karɓi makullin da bakin rigarsa, ya ce shi ma haka ya same ta, da bel ɗin a ɗaure, kuma wanda ya kawo ta abu ɗaya ya roƙe shi, kada a kwance.

Mai ruwan tokar maigidana ya saya. Ban taɓa shiga ba, shi ma bai taɓa cewa in shiga ba. Shatin bel ɗin yana nan baƙi daga kafaɗata zuwa ƙugu, kuma tun ranar muryata ta dishe, sai na matso kusa ake jin abin da na ce.

Wani lokaci ina kicin, bakina a rufe, sai in ji shi daga falo ya amsa, “Na'am, ina zuwa.”

Jiya da safe na tsaya a taga zai fita aiki. Ya shiga motar, ya tayar, ya miƙa hannu ya jawo bel ɗin kujerar gefe ya ɗaura. Sannan ya juya wajen, ya yi murmushi.