Masu Ƙishirwa a Gindin Dutse

Ni Hajiya Ladi, tun rasuwar maigidana ban taɓa ba wa wani ko ɗigon zoɓo kyauta ba. A unguwar Old Airport nake girki, masu gadi ’yan uwanmu Hausawa su saya. Kowa ya sani, ba na ragi.

Wata rana, da almuru, ɗana Ja’afar direba ya sauke ni bakin teku da kular ruwa da zoɓo, in jira masu gadin su tashi aiki. Akwai wani dogon dutse a wurin, an zana jirgi da rubutu cunkus. Ni karatuna bai kai nan ba.

“Inna, kar ki zauna nan. Dutsen tunawa da sojojin ruwa ne da suka nutse, ba a ga gawarsu ba.”

“To, su fito su tashe ni. Yalla, je ka.”

Na ajiye kula a gindin dutsen, na zauna.

Iska ta tsaya cak. Wani ƙarni ya taso, kamar jiƙaƙƙiyar igiya da ta ruɓe. Sai ɗis, ɗis, a bayana.

Mutum ne tsaye, ruwa na zuba daga hannun rigarsa. Leɓɓansa sun tsage, fari fat da gishiri.

“Ruwa,” ya ce a hankali.

“Na sayarwa ne, malam.”

Ban rufe baki ba na ga wani a bayansa. Da wani. Layi har cikin teku.

Na yunƙura, ƙafa ta ƙi. Sanyi ya kama idon sawuna, ya hau gwiwa, alhali ƙasa a bushe take.

Na nemi addu’a. Harshe ya manne.

Sanyin ya kai ƙirji.

Gishiri ya cika mini baki.

Da gwiwar hannu na ture kular. Gorunan ruwa da zoɓo suka tarwatse. Mutanen suka durƙusa, ba hayaniya, sai ƙarar haɗiya.

Hon ɗin Ja’afar na ji. Shi ya ja ni mota, zanena sharkaf.

“Inna, faɗawa teku kika yi?”



Tun ranar, duk abin da na kai baki gishiri ne, har shayi. An yi asibiti, an yi rubutu. Jiya Sunusi mai gadi ya dawo mini da miya, wai lami ce. Na ɗanɗana a gabansa. Ruwan teku zalla.