Jan Takalmi a Ƙofar Ɗakin Wankin Hoto

Takalmin ta fara gani.

Ja ne, mai tsini, an jera shi a ƙofar ɗakin wankin hoto, dab da silifas ɗin Abdulmumin. Ƙofar a rufe, an toshe ƙasanta da tsumma.

Muhsina ta ja ta tsaya.

Ta san mai takalmin. Zara ce, 'yar Ajingi, mace ɗaya tilo a cikin masu ɗaukar hoto da fim mai baƙi da fari. Su ne ke haɗa kai duk shekara su sayi fim mai yawa, don kada kamfanin ya ga babu kasuwa ya daina yi. Abdulmumin ne jagoransu a Gaya, kuma bikinsa da Muhsina ya gabato, in har babanta bai janye ba. Baban kullum cewa yake yaron nan rainon gawa yake yi.

Tun da safe Zara ta turo mata saƙo: "Amarya, yau muna wanki. Kar ki damu in kin kira bai ɗauka ba..."

Muna!

Ga kuma hoton Zarar a bangon shagon Abdulmumin, da fim aka ɗauke ta. Ita kuwa Muhsina sai dai a waya, wai fim ba na wasa ba ne.

Sau nawa Abdulmumin ya ce mata, "Muhsi, in kin ga tsumma a ƙofar nan, ko gobara ce ki ƙwanƙwasa."

Ba ta ƙwanƙwasa ba. Ta banka ƙofar, hasken rana ya shige gabanta.

Zara ce tsaye ita kaɗai, da fim a warware tsakanin yatsunta.

"Innalillahi..." in ji wata murya a bayan Muhsina.

Ta juya. Abdulmumin ne, da jarkar ruwa a hannu, sau-ciki a ƙafarsa.

"Yaya Mumini, na ga takalminka..."

"Wanda nake shiga ɗakin da shi ne. Kullum a nan yake kwana."

"Ayya, amarya," Zara ta ce a hankali, bakinta na son yin murmushi. "Cirar gyaɗar da ya ɗauko a Gafasa ce kika ƙone. Ita zai kai baje kolin Kano, don a samu sababbin masu saye."

"Ba za a iya gyarawa ba?"

"Abin da haske ya ci ba ya dawowa," in ji Abdulmumin. Bai ɗaga murya ba. "Kuma zaton da kika yi min, da me zan wanke shi?"

Ta koma gida tana kuka. Babanta da ya ji, cewa ya yi, "To alhamdulillahi, Allah ya raba."

Abdulmumin bai zo zance ba, bai kira ba. Zara kuwa kullum tana shago, wai taya shi jimami take.

An ce kishi kumallon mata ne, kamar maza ba su da ciki. Muhsina ta share hawayenta, ta shiga motar Kano.

Ranar da ta dawo shagon, Abdulmumin yana goge gilashin kyamara, bai ɗago ba.

Ta ajiye ƙaramin kwalin fim a gabansa.

"Ba biya na zo yi ba, na san ba ya biyuwa. Na cuce ka, ka yafe min."

Ya ci gaba da goge gilashin da tsumma.

"Kun ce masu saye kuke nema. Ga guda kun samu. Wannan nawa ne, ni zan ɗauka. An ce a Kademi ba a gama cirar gyaɗa ba."

Zara ta yi dariya daga kan benci. "Kin ma san ta inda ake saka shi?"

"Zan sani, 'yar uwa. Kamalu ya ce zai koya min."

Tsumman ya tsaya cak a hannun Abdulmumin.

"Wane Kamalu?"

"Na ƙungiyarku, mai shago a Kano. Shi ya sayar min. Mutumin kirki, har aron kyamara ya yi min alkawari. Ya ce ina da idon hoto."

"Ya ce kina da me?"

"Ido."

"Shi idon naki ya tsaya kallo?" Ya miƙe. "Kamalun da ba ya iya saita hoton akuya a ɗaure? Wanki ma shi zai koya miki? A cikin duhu?"

"Au... ashe da ciwo?"

Ya dubi hoton da ke bango, ya dubi Zara, wadda ta fara laluben jakarta. Sai ya ciro kyamarar daga wuyansa ya rataya wa Muhsina.

"Ba mai koya miki sai ni, Muhsinata."

"Baba ba zai bari in shiga ɗakin nan da kai ba."

"To ki gaya masa waliyyaina na nan tafe Juma'a, a matso da ranar. In ya kore su, su dawo Asabar."

Ta ɗaga kyamarar, ta leƙa fuskarsa ta ciki.

"Tsaya haka, kar ka saki fuskar. Ita nake so a bangona."