Jitar Bahaguwa

"Tsaya! Kar ki motsa..."

Judith ta daskare a tsakiyar shagon, jitar lantarkin na rungume a ƙirjinta.

"Me na fasa?"

"Ba ki fasa komai ba. Tsaya dai yadda kike."

Godwin, mai shagon, ya zagayo daga bayan teburinsa yana kallon hannuwanta. Kayan lantarki na gwanjo yake sayarwa a bakin kasuwar Jalingo, rediyo da kaset da dutsen guga. Jitar ja ce, fentinta ya ɗaye a gefe, kuma ta daɗe a rataye. Duk makaɗin da ya zo sai ya ɗauka ya ajiye, ya ce an haɗa ta a juye tun daga masana'anta: tsirkiya mai kauri na ƙasa, maɓallan na sama suna tokare wa mutum hannu. Shi ya sa Godwin ya karya kuɗinta, shi ya sa kuma Judith ta nufe ta, don albashin mai buga tafireta a shekarar 1994 ba ya sayen sabuwa.

Amma ga shi a hannun wannan yarinyar komai ya koma wurinsa. Wuyan jitar na hannunta na dama, mai kaurin ta hau sama, maɓallan sun sauka ƙasa.

"Ikon Allah! Ashe ba a juye take ba..." Ya tafa hannu yana dariya. "Ke bahaguwa ce!"

Ta dire jitar a kan teburin kamar ta ƙone ta.

"Wa ya faɗa maka?"

"Jitar ce ta faɗa."

"Ka taɓa ganin na ci abinci a gabanka? Malam, ka iya bakinka!"

Idanunta sun ciko da hawaye, sai dariyarsa ta tsaya. Bai san cewa tun tana ƙarama mahaifinta, Baba Simeon, dattijon coci a unguwar Mayo Gwoi, yake ɗaure mata hannun hagu da ɗankwali ba. Bai san bulalar da ta sha a firamare ba. Ta girma tana ɓoye hannun nan kamar kayan sata, har a ofis ba wanda ya sani, tunda tafireta da hannu biyu ake buga ta.

"Ki yi haƙuri," in ji shi. "Ba zagi na yi ba, murna nake. Kin taɓa kaɗawa?"

"A'a."

"To, me ya kawo ki?"

Son sani ya rinjayi fushinta.

"Wasu mawaƙa na gani daga Yola a babban taron coci. Tun ranar abin ke damuna. Jitar katako tana da rami, na san inda muryarta ke fitowa. Wannan fa? Ba rami, ba komai. Ina take ɓoye muryar?"

Ya jawo wata ƙaramar lasifika, ya soka waya, ya miƙa mata jitar.

"Taɓa ki ji."

Ta kai hannun dama.

"Ba wannan ba. Naki."

Ta waiga ƙofa tukuna, sannan ta ja tsirkiyar da babban yatsan hagu. Ƙarar ta cika shagon har mai gyaran takalmi na waje ya leƙo. Judith ta toshe baki, dariya ta ƙwace mata.

"Ni na yi wannan?"

"Ke kika yi."

Ta sayi jitar. Kuɗinta bai kai na lasifikar ba, kuma ko ya kai ba ta isa ta shiga da ita gida ba, don a wurin Baba Simeon jitar lantarki kayan otal ce. Sai aka bar ta a shagon, Judith na biyowa in an tashi daga ofis.

Godwin ya ɗan iya jitar katako tun yana ƙungiyar matasan coci. Yakan zauna a gabanta da tasa, ita da tata, sai suka ga abin mamaki: duk inda ya sa yatsa, tana ganinsa daidai kamar a madubi.

"Kin ga amfaninki? Na dama sai ya zauna a gefena yana murɗa wuya. Ke kuwa dole ki kalle ni."

"Yatsunka nake kallo."

"Ƙarya ne, 'yar haguna."

"Godwin! Kar ka ƙara kirana haka a gaban mutane."

"To, in ba mutane fa?"

Sai ta kuskure tsirkiya.

Kafin damina ta wuce ya ce yana son ta da aure, ta ce ya je ya sanar a gida.

Akwai wata Caroline a ƙungiyar mawaƙan cocinsu Godwin, wadda ta daɗe tana kai wa mahaifiyarsa sabulu da gishiri a ƙauyen Kona, ba don Allah ba, don tana son sa. Wata rana ta leƙo shagon ta ga yadda Judith ke riƙe da jitar, ta ga kuma yadda Godwin ke kallonta. Ba ta yi sallama ba ta juya. Ta hau acaɓa sai Kona.

"Mama, ni dai ba gulma na kawo ba," in ji ta. "Amma yarinyar nan bahaguwa ce. Kowa ya sani."

Daga nan ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Da Godwin ya je da maganar aure, mahaifiyar tasa, Mama Abigail, ko kallonsa ba ta yi ba.

"An ce mini bahaguwa ce. Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, Mama, amma..."

"Kai da bakinka ka ce gaskiya ne! To, ba a gidana ba."

Ya yi ta roƙo har ta yarda ya kawo ta ranar Asabar ta gani da idonta. Ya dawo shago ya sami Judith.

"Judi, masoyiyata, abu ɗaya zan roƙe ki."

"Faɗi."

"Yini ɗaya ne kawai. Ki yi komai da dama. In ta ga kina aiki da dama, zan ce mata kin daina."

Ta ɗago ta kalle shi.

"Kai ne fa ka ce mini, ba wannan ba, naki."

"Na sani..."

"Yanzu kuma in mayar da shi cikin ɗankwali?"

"Don mu samu mu yi aure ne, Judi. Don Allah."

Tsoro ne ya yi wannan maganar, ba so ba. Namijin da zai sa mace ta yi wa uwarsa ƙarya tun kafin aure ya fara ginin gidansa a karkace. Ita ma da ta yarda ba ta kyauta ba. Amma tana son sa, ta ce to.

Ranar Asabar ta durƙusa ta gaishe da Mama Abigail a tsakar gida. Tsohuwar ta amsa a taƙaice, ta kori ɗanta waje wurin maza, ta turo wa Judith kwanon kuɓewa da wuƙa.

Judith ta kalli wuƙar. Cin abinci da rubutu ta koya da dama, amma wuƙa da muciya ba su taɓa yarda da wannan hannun ba. A gida ma sai ta juya wa ƙofar madafa baya take girki.

"Mama, ko in yi shara tukuna?"

"An yi shara."

"Ko in ɗebo ruwa?"

"Kuɓewa na ba ki."

Ta fara yanka da dama. Wani ya fito ƙato, wani ya faɗi ƙasa. Tsoron kar hagun ya ƙwace mata ya sa ta ɗaure fuska tamau, ta matse hannun a cinya. Mama ta tambaye ta aikinta, ta amsa da kalma ɗaya. Ta tambaye ta iyayenta, ta ce suna lafiya ba tare da ta ɗago ba. Mama ta miƙo mata ludayi ta ɓangaren hagu, Judith ta ƙi karɓa sai da ta juyo da jikinta gaba ɗaya, kamar mai jin haushi.

Tsohuwar na gani, tana gyaɗa kai.

Aka zo tuwon masara. Talge ya tafasa, Judith ta zuba gari ta kama muciya da dama. Tukunyar ta yi ta rawa a kan murhu, tuwon ya cika da gudaji, ƙasansa ya fara kamawa.

"Ya isa," in ji Mama. "Ajiye. Ashe Caroline ba ta yi ƙarya ba. A ce ki yi wannan ki ce wancan za ki yi. A yi miki magana ki kumbura fuska. Don kar a ƙara sa ki aiki kin ɓata mini tuwo da gangan. Ke bahaguwa ce ta gaske!"

Nan haƙurin Judith ya ƙare.

"E, bahaguwa ce ni! Haka Allah ya halicce ni, Mama! An ɗaure shi, an dake shi, bai daina ba. In ba za ku ba ni ɗanku ba ku bar shi, amma ba zan bar gidan nan a ce ban iya tuwo ba!"

Ta fizgi muciyar da hagu, ta taka gefen tukunyar, tana kuka tana tuƙi. Tukunyar ta tsaya cak. Gudajin suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tuwon ya haɗe ya yi santsi yana huci.

Mama Abigail ta taso ta sunkuyo a kanta, baki buɗe.

"Tsaya, yarinya. Wannan hannun... da shi kike aiki?"

"Da shi."

"Shi ne bahaguwar?"

"Shi ne mana, Mama."

"Hannu?" Tsohuwar ta riƙe haɓa. "Ni hali na ɗauka! Irin macen da za a ce mata gabas ta yi yamma, mai murɗaɗɗen hali. Ita Caroline ba ta ce mini hannu ba!"

Judith ta tsaya da tuƙin, hawaye na bin kumatunta.

"Kar ki tsaya, zai kama! Godwin! Kai Godwin, zo nan!"

Ya shigo da gudu. Yana ganin muciya a hagun Judith ya dafe kai.

"Mama, zan yi bayani..."

"Rufe mini baki. Na tambaye ka halinta ka ce gaskiya ne. Wa ya sa ta ɓoye hannun?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

"Ka ga sakarci? Yini guda ka sa 'yar mutane tana yanka kamar mai ciwon kafaɗa, ni kuma ina nan ina tsanar ta a banza. Durƙusa ka ba ta haƙuri."

"A gabanki, Mama?"

"A gabana ka kunyata ta."

Ya durƙusa a bakin murhu, hayaƙi na shiga idonsa.

"Judi, na yi laifi. Ba zan ƙara cewa ki ɓoye ba, ko a gaban waye."

"Ko a gaban Babana?"

"Ko a gabansa."

"To, tashi, kana tare mini wuta."

Mama ta gutsiri tuwon da zafinsa ta kai baki, ta tauna a hankali.

"Ki ji, 'yata. Gaisuwa da dama, miƙa wa babba abu da dama, wannan ba zan sassauta ba. Amma tuwo, ki tuƙa da wanda ya iya." Ta juya ga ɗanta. "Gobe bayan coci ka je wurin kawunka Philemon, ka ce na ce ya shirya a kai gaisuwa Mayo Gwoi. In Caroline ta zo kuma, ni zan tare ta."

Sai ta kamo hannun hagun Judith tana jujjuya shi, tana duba yatsun.

"Wannan kantar da ke kan yatsun damanki fa, ta mece ce?"

"Ta jita ce, Mama. Ta lantarki."

"Lantarki? Ba ya jan ki?"

"Ba ya ja."

"Uhm. Ban yarda ba sai na gani. Kwashe tuwon nan mu ci, ki faɗa mini yadda ake yi."