Gidan da Malama ta Zana a Allo

"Jibi zan tafi," in ji makanikin da ke neman auren Malama, yana goge hannu da tsumma a ƙofar makaranta. "Kamfani ya yi min canjin wurin aiki. Ko dai a sa rana ki biyo ni, ko..."

"Ko me? Ƙarasa mana!"

"Rabin raina, shekara huɗu fa nake jira!"

"Baba ma shekara huɗu ke nan yana kwance, ɓarin jikinsa ba ya motsi. In tafi in bar wa wa shi?"

Ya tada babur ya wuce.

Ita ce malamar darasin kula da gida. 'Yan mata nawa ta koya wa guga, ɗinki, da ciyar da iyali mai mutum goma! Amma nata gidan, daga ita sai tsoho sai ƙarar agogon bango.

A ranar, darasin tsara gida ne. Ta ɗauki alli ta zana falo, kicin, ƙofa mai faɗi yadda keken mara lafiya zai wuce, da wani ɗan ɗaki manne da babba, don ko tari aka yi a ji.

Wata ɗaliba mai rawar kai ta ɗaga hannu.

"Malama, to ina ɗakin maigidan? Ko a kicin zai kwana?"

Aji ya kwashe da dariya. Ta juya ta dubi allon. Ashe gidansu ita da Baba ta zana, kuma ba ta bar wa kowa ko kusurwa ba.

Da yamma ta tarar da Baba an yi masa aski, an sauya masa riga, maɓallan a karkace.

"Baba, wa ya zo?"

"Mai baƙin mai a hannun nan..." Harshensa da nauyi, sai ta matso. "Sallama ya zo yi. Sau biyu ya yanke ni, ragon wanzami. Yana aski yana kuka."

Ta sunkuyar da kai, ta ɗebo abinci ta kai bakinsa kamar kullum.

Tsohon ya datse leɓɓansa.

"Baba, don Allah..."

"Kwanciya na yi, 'yata, ban mutu ba. Da ni kika fake kika kori yaron kirki? An ce miki ba a ɗaukar gado a mota?"

Hawaye suka ɓalle mata.

"Ajiye cokalin nan. Ɗauko waya. Ni da abinci sai na ji muryarsa!"