Saurayi a Cikin Silin

"Wallahi ba ka da hankali, Nuruddeen! Falon Baffa za ka shiga ka fasa masa silin?"

"Haba hasken idona, wace irin fasawa? 'Yan huji biyu ne kawai..."

Rumasa'u ta harare shi. Yau da la'asar za a nuna musabaƙar Alƙur'ani a talabijin, wadda ita Rumasa'u ta zo ta ɗaya a cikinta a Kano, izu sittin, ita 'yar Rogo Sabon Gari! Duk garin zai ji ta, ban da mahaifinta. Kunnen Baffa Ilu ya yi nauyi. In ya ƙure ƙarar talabijin sai ta hau ɓaɓatu kamar injin markaɗe, shi kuwa ko harafi ba ya tsinta.

Shi ne kuma ya taka wa aurensu birki. "Mai sana'ar hayaniya," in ji shi, don Nuruddeen kayan sauti yake haɗa wa mutane. Ita kuwa ta rantse ba ta aure sai da albarkar Baffa, ko da za ta tsufa a ɗakin Inna.

"Ba ƙara yake buƙata ba," in ji Nuruddeen. "Sifika zan sa daidai saman kujerarsa, muryarki ta sauko masa tas. Ya fita?"

"Ya kai bijimi kara, kasuwar shanu. Sai magariba."

Inna Saude, mahaifiyarta, ta ce ita ba ta ji ba, ba ta gani ba, sannan ta miƙo tsani.

Nuruddeen na cikin silin yana ɗaura waya ta ƙarshe sai ga sallamar Baffa a zaure. Innalillahi! Inna ta suri tsani ta yi bayan rumbu da shi, Nuruddeen ya ja murfin silin ya yi lamo. Saurayi ya diro gaban uban budurwa a cikin falonsa? Gara ya gasu! Kwanon rufin kuwa ya sha rana ya ƙoshi.

"Ciniki bai yi ba," Baffa ya ce, alhali babu wanda ya tambaye shi. Ya zauna ya kunna talabijin.

Rumasa'u ta laɓe bayan labule. Ita ce 'yar fari, kuma Baffa Bafillace ne na gidi. Tun da ta zo duniya ba ta taɓa jin sunanta a bakinsa ba, daga "ke" sai "waccan". Ranar da ta dawo da kyautar ma kai kawai ya gyaɗa, ya wuce garke.

Sai ga ta a allo cikin farin hijabi, ta yi basmala.

Baffa ya zabura. Ya dubi talabijin, ya ɗaga kai sama. Muryar na sauko masa a nutse, kowane harafi daram. Leɓunansa suka fara bin ayar, hawaye na gangarowa cikin gemunsa.

A zatonsa babu mai jin sa, don a ganinsa raɗa ya yi. To mai nauyin kunne ina ya san ƙarfin muryarsa? Har madafa aka jiyo shi.

"Rumasa'u... Rumasa'u! 'Yata ce wannan, ni na haife ta!"

Ta toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mata. Alfahari ya cika mata ƙirji fiye da ranar da aka miƙa mata kyautar.

Sai da aka kai aya Baffa ya share ido da hannun riga, ya gyara murya.

"A dawo da tsanin nan. Mai takalman da ke bakin ƙofa ya sauko kafin ya dahu."

Nuruddeen ya sauko sharkaf da zufa, yanar gizo-gizo har a gira, ya zube ƙasa.

"Baffa, a gafarce ni, ban yi don..."

"Ɗaga murya, ba na ji!"

"A gafarce ni, Baffa!"

Tsohon ya daɗe yana kallon sifikun da ke samansa.

"Ashe ba hayaniya kaɗai kake sayarwa ba. Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Rumasa'u ta fito da gudu ta durƙusa gabansa. "Baffa..."

Ya kau da kai gefe, kamar ba shi ne ya tayar da gidan ɗazu ba.

"Ke, waccan, tashi ki ba yaron nan ruwa."

Ta tashi tana dariya tana hawaye. Ya kira ta da abin da ya ga dama har ƙarshen duniya, ita dai ta riga ta ji.