Ƙwai Biyu da Aka Ajiye a Juye

Mai shara ce ta fara ganinsa. Ranar Litinin ce, ranar da gidan adana kayan tarihi ba ya karɓar baƙi. Ta shiga ɗakin gyara da bokitinta wajen ƙarfe biyu na rana, sai ga Farfesa kwance rub da ciki a gindin tebur, jini ya jiƙa furfurarsa. Ihunta har bakin titi aka ji shi.

Kafin Insfekta ta iso an wuce da shi asibiti, da sauran numfashi. Ta tsaya ta ƙare wa ɗakin kallo. Ba taga, ƙofa ɗaya ce, ta ƙarfe. A kan tebur akwai falalen dutse mai faɗin tayar babbar mota, wasu dogayen ƙwai sun yi da'ira a kansa, su ma sun zama dutse. Sheƙar dainoso ce, dabbar nan ta zamanin da wadda ta ƙare, in ji takardar da ke jikinta, ƙwai ashirin da huɗu. Ta ƙirga, sun cika.

"Ya yi magana?" ta tambayi mai shara.

"Da na ɗago kansa, ranki ya daɗe, ya ce 'sun juya.' Sau biyu ya faɗa." Matar ta saci kallon ƙwan. "Ni fa tun tuni nake cewa abubuwan nan ba su mutu duka ba."

Mai gadi ya ce ban da mai shara mutum uku ne suka shigo: Farfesa, da Darakta, da Mai Gyara. Shi kuwa bai bar ƙofa ba, kyamarar bakin get ta gaskata shi. Mai shara ma sai ƙarfe biyu saura ta shigo, alhali jinin ya riga ya fara bushewa. Saura mutum biyu abin zargi.

Darakta ya karɓe ta a ofishinsa, fara'a har kunne.

"Ba na son ɗora wa kowa laifi," ya ce, "amma makon jiya an ji Mai Gyara da Farfesa suna ɗaga murya. Ni takardu ne aikina. Duwatsun nan ban san kansu ba."

Mai Gyara tsoho ne, mai goge ƙasusuwa da ɗinke su. Ta same shi a kan benci, ya haɗa kai da gwiwa.

"Kun yi faɗa, Baba?"

"Shekara ashirin muna yi, 'yata. Matata ma cewa take da shi na fi dacewa."

"Ana iya cire ƙwai daga sheƙar nan?"

"Biyu kaɗai. Mun sassauta su don bincike, Darakta ya sa hannu."

Ta miƙa masa biro da takarda. "Zana mini ita, ba tare da ka je ka duba ba."

Zanen ya fito tsaf. "Biyu-biyu uwar take saka su, a da'ira, rabinsu a cikin ƙasa. Tsakiya a buɗe, nan take kwanciya don kada nauyinta ya fasa su, ta baza hannuwanta ta rufe su. Kowane ƙwai, kansa mai faɗi yana kallon tsakiya, tsininsa yana ƙasa ta waje. Ko ido rufe na sani."

Ta bar Kofur ɗin da ya rako ta tare da shi, ta koma ɗakin gyara ita kaɗai. Hanyar ta bi ta babban zaure, inda kwarangwal masu tsayin bene suka buɗe baki a kanta. Ba motsin komai sai takun takalminta.

Ta sunkuya kan sheƙar da zanen a hannu. Ashirin da biyu daidai suke. Biyu kuwa tsininsu ne ke kallon tsakiya. Ta ƙwanƙwasa ɗaya da biro, sautin ya fito fayau, kamar na tukunyar da ba komai a ciki. Na filasta ne, irin waɗanda ake sayar wa baƙi a shagon ƙofa.

Sai ta ji ƙarar mukulli a bayanta.

Darakta ne. Ya kulle ƙofar, ya zura mukullin a aljihu. Fara'ar nan ta tafi. Hannunsa na dama yana kan tebur, dab da wata guduma.

"Kin samu wani abu ne?"

Wayarta tana cikin jaka, jakar tana kan kujera ta bayansa. Ta zagaya har tebur ya shiga tsakaninsu.

"Na samu," ta ce, tana ɗaga murya da gangan. "Mutum uku ne suka san ƙwan da ke ciruwa. Ɗaya yana asibiti. Ɗaya ya zana mini sheƙar nan da ka, ba zai taɓa sa ƙwai a juye ba. Saura wanda ya sa hannu, wanda bai san kan duwatsu ba. Farfesa ya shigo, kallo ɗaya ya yi ya gane, kai kuma kana tsaye a bayansa."

Ya ɗauki gudumar ya zagayo. Ta yi baya har ta bugi kantar da ke jikin bango, kwalabe suka zubo. Da ya ɗaga hannu ta rarumi ƙwan filasta ta narka masa a fuska, ta kama wuyan hannunsa ta murɗe iya ƙarfinta. Suna birgima a ƙasa Kofur ya fara dukan ƙofa, Mai Gyara ya buɗe da nasa mukullin.

An samu ƙwan na gaske a but ɗin motar Darakta, naɗe cikin tawul, da lambar wani mai saye a wayarsa.

Da aka tafi da shi, Insfekta ta zauna a motarta. Sau uku tana ƙoƙarin sa mukulli, hannu ya ƙi tsayawa. Kofur ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, ta matsa ɗaya kujerar.

"Asibiti, wajen Farfesa," ta ce. "Ka tuƙa a hankali."